Layar Bindiga

Shekara ashirin na yi ina ɗinkin layu a Kano kafin na zauna a Makka. Da wani askari, ɗan sandan Makka, ya kawo ƙaramar bindigarsa in yi mata kube, sai na ce, "Wannan ai wasa ne. Dawo bayan la'asar."

Na zuba wa jar fata zane, na naɗe bindigar a ciki, ina ɗinki ina cika wa maƙwabta baki. Hannu kuwa ya bi abin da ya saba, na rufe ta ruf, ba ƙofa.

Askarin ya jujjuya ta, ya ce, "Ya Hajji, in ɓarawo ya zo, a wuya zan rataya masa?"

Har yau in na ratsa titin Mansur na Makka sai na ji, "Malam, nawa ne layar bindiga?"