Rasuwar Jan Babur Ɗin Tarmizi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Tarmizi mai soya tempe, wato wainar waken soya, a unguwar Kauman ta garin Pekalongan yake sanar da rasuwar abin ƙaunarsa, jan babur ɗinsa.

Marigayin mai kunya ne. Da asuba sai ya yi tari a hankali, kyaf-kyaf, kafin ya buɗe murya, don kada ya ta da maƙwabta. Ko ranar da ruwan ambaliya ya kai masa wuya bai yar da ubangidansa ba. Shi ya fara kai Sulastri, budurwar Tarmizi, bakin teku, kuma har ya bar duniya bai faɗa wa kowa abin da ya ji ba.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da Tarmizi ya ƙyalla ido kan zoben baiko. Babur ɗin na bashi ne, ana biya wata-wata, shi ne kuma jinginar bashin, littafin mallakarsa yana hannun kamfanin da ya ba da bashin. Sai dai kowa a Kauman ya san ana jinginar da babur a ɓoye da takardar hanya kaɗai. Tarmizi ya miƙa shi ga wani mai suna Pak Darsono, da alkawarin fansa bayan baiko. Darsono ya jinginar wa wani, wanin ma ya jinginar wa wani. Ganin ƙarshe da aka yi wa marigayin a kasuwar kayan gyara ne, fitila nan, tanki can. An ce hon ɗinsa ya yi fiiit a hannun mai tayawa, daga nan shiru.

Ya bar hular kwano biyu, da makulli ɗaya, da sammacin ƙarar da kamfanin ya kai.

Limamin unguwa ya ce ba satar haddi ba ce, tunda ba a fasa ma'ajiyar kowa ba. Cin amana ne, hukuncinsa yana hannun alƙali. Mahaifin Sulastri kuwa ya aiko cewa ba ya ba da 'yarsa ga wanda ya kwana a kurkuku, ko da dare ɗaya ne.

Za a kafa rawayar tutar makoki a bakin lungu. Jana'iza ranar Litinin da hantsi a ofishin 'yan sanda. Tunda babu gawa, Tarmizi ne zai tsaya a madadinta. Masu zuwa ta'aziyya da yamma, ɗauke da shinkafar sadaka kamar yadda aka saba, su ƙwanƙwasa ƙofarsa. In ba a buɗe ba, a kai shinkafar wajen mahaifiyarsa.