Yadda Na Binne Abincin Awakin Baba Ghali

Wata biyu kacal ina aiki a garkar Baba Ghali a ƙauyen Outoul, nesa da garinmu Damagaram, na zama malamin ƙasa. A portabul, wato wayar hannu, na koya: wai kowane girbi yana tsotse ƙarfin ƙasa, in ba a mayar mata da ganye ya ruɓe a ciki ba, sai ta koma rairayi zalla. Abin ya shiga raina, har damƙo ƙasa nake ina shinshinawa.

Ranar da Baba ya tafi garin Silet, na ga tulin busasshen ganyen wake bayan rijiya. Na ce, dubi dukiya an yasar! Na binne shi kaf, na kwarara ruwa, ina yi wa kaina kirari.

Ashe harawar awakinsa ce, ta rani gaba ɗaya.

Da ya dawo na tarye shi da bayani. Ya saurara har ƙarshe, awaki na ta kuka.

"Yaro, ƙasar ta ƙoshi?"

"Sai nan da wata uku, Baba."

"To, je ka faɗa wa awaki."

Na ɗauka kora ce, amma ya bar ni. Har yau dai, akuya na yin kuka zai ɗaga murya: "Ɗan Damagaram, fito, masu ƙararka sun zo!"