Mota Ɗaya, Alƙawari Biyu

Tun ina ƙarama kakata take ba ni labarin lambunan Idlès, inda ta yi ƙuruciya, har nakan ji ƙamshin ɓaurensu a mafarki. Da na kama aiki a buro, wato ofishin bincike na jami'a a Tamanrasset, sai ga masu tallafi za su biya kuɗin nazarin rijiyoyin Idlès ɗin, da sharaɗin jami'a ta kawo nata kason.

"Ku bar mini wannan," na ce da darakta, ina jin kaina gwana. Na yi alƙawarin motarmu guda ɗaya ta shiga hamada, da shofer ɗinta Baba Ilyasu, da ni kaina a matsayin tafinta. Har sabon mayafi na saya.

Abin da na manta shi ne, tuni na ba masu bincike a garin Silet wannan motar, a makon da za a tafi Idlès.

Ranar tafiya ayari biyu suka tsaya da kayansu, kowa na riƙe da alƙawarina. Baba Ilyasu ya zagaya motar a hankali, ya ce, "'Yata, wa za a ba tayoyin gaba, wa za a ba na baya?"

Silet suka tafi da ita, don su na fara yi wa alƙawari. Aka yi wa masu zuwa Idlès hayar ƙaramar mota, kujera ɗaya ta kasa. Tawa ce.

Har yau ban ga Idlès ba. Amma kowace safiya Baba Ilyasu sai ya rusuna a ƙofar buro ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya. Ina ɓaurena?"