Ranar da Na Tafa wa Harbin Kunama

Na yi abubuwan kunya da yawa na manta da su, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar a Buza, ranar da na kai Goggo Dije kallon teyatur, wato wasan kwaikwayo.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni ma'aikacin jinya ne a asibitin mishan da ke kusa da Madawa, mutane kuma likita suke ce mini (ban taɓa gyara wa kowa ba). Sai dai abin da na fi taƙama da shi ba allura ba ne, wasan kwaikwayo ne. Shekarun da na yi ina karatu a Yamai, duk inda aka ce za a yi wasa a dandali ina can, ko da ƙafa zan je. Na dawo gida da wata cuta da ba mu da maganinta a asibiti: ba na iya kallon wasa in yi shiru. Ko wasan Kirsimeti da matasan majami'armu suke yi, sai na gaya wa na kusa da ni cewa makiyayan sun shigo da wuri, mala'ikan kuma bai san inda zai sa hannunsa ba.

To, ina hutu a gida Buza sai na ji 'yan wasa sun zo daga Keita, za su yi wasa a filin gidan matasa. A ranar kuma Goggo Dije, yayar babana, ta zo daga ƙauyensu na wajen Deule da ƙullin busasshiyar kuɓewa. Ta haura sittin, duk rayuwarta a gona ta yi ta, ba ta taɓa ganin teyatur ba. Na ga na samu ɗaliba. Na jira ta yi sallar la'asar, na sa ta gaba.

Tun daga ƙofar gida har filin ina yi mata darasi. Na ce duk abin da za ta gani ƙarya ce aka tsara. In an yi kuka ba kuka ba ne, in an faɗi ba faɗuwa ba ce, kada ta yi salati, kada ta tashi ta ce za ta raba faɗa. Ita dai "to" kawai take cewa. Na sama mana benci na gaba, na gyara tabarau.

Wasan ya yi kyau, wannan ba zan hana su ba. Aka buɗe da kalangu da gurmi, mata suka shigo da hauya a kafaɗa suna waƙar gyaran ƙasa, mazan suna amsawa. Da safe sun sa an kawo musu duwatsu na gaske a amalanke daga gindin tudu, an tara a tsakiyar fili, don su nuna irin jerin duwatsun da ake yi a gona ya tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Labarin wani malalaci ne da ake kira Na-Kwance, wanda duk lokacin da aka ce a fito aikin gayya sai ciwo ya kama shi. Da farko ya riƙe ciki yana birgima. Na biyu ya ce bayansa ne, ya yi ta tafiya kamar agwagwa. Mutane suna ta dariya, har Goggo ta rufe baki da gefen zane. Ni kuwa na sunkuya na raɗa mata cewa mutumin yana cika gishiri, ƙwararren ɗan wasa ba ya haka.

A karo na uku matarsa ta wasa ta jawo shi da kunne har gaban tarin duwatsun. Ya sunkuya yana gunaguni, ya zura hannu ƙarƙashin wani dutse zai ɗaga. Sai ya ce "wash" a hankali, ya fizge hannun, ya zauna daɓas. Bai yi birgima ba, bai yi ihu ba. Ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya cije leɓe, fuskarsa ta sauya. Kafin ka ce me zufa ta keto masa.

Wallahi sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na ce wa Goggo yanzu ne ya fara wasa, ta dubi yadda ya bar ciwon ya yi magana da kansa, har da zufa ya iya kirawo (ni da nake ganin irin wannan zufar duk mako a ɗakin gaggawa).

Goggo ta ƙura masa ido, ta ce, "Ɗana, wanga kunama ta halbe shi."

Na yi dariya irin ta manya. Na ce ai ga shaida nan, tunda har ya ruɗe ta. Sannan na miƙe tsaye ni kaɗai na fara tafi, ina cewa barabo, wato madalla. Da mutane suka ga mai tabarau na bencin gaba ya tashi, su ma suka ɗauka. Mai kalangu da ke can gefe ya ji tafi ya ƙara wa kiɗa wuta. Wani dattijo da ke kusa da mu ya yunƙura zai shiga filin, na riƙe masa riga, na ce ya yi haƙuri kada ya ɓata musu wasa.

Matar Na-Kwance ta duba hannun mijinta, ta juyo ta fuskanci jama'a, ta tambaya ko akwai likita a wurin. Ta sake tambaya, muryarta na rawa. Ni kuma a Yamai na sha ganin wasan da ake gayyatar 'yan kallo su shigo su taka rawa, na daɗe ina jiran ranar da za a gayyace ni. 'Yan unguwarmu suka fara nuna ni da yatsa. Na ce a raina, yau Buza za ta san ta haifi ɗa.

Ban yi sauri ba. Na taka a hankali, hannu a baya, ina gyaran murya. Na durƙusa gabansa na kama hannun hagu, mai lafiyar, ina duban agogo kamar mai ƙirga bugun jini. Yana ta miƙo mini na daman, ina turewa. Na tashi na fuskanci jama'a na sanar da su da babbar murya cewa na gano cutar, sunanta lalaci, maganinta kuma ɗaukar dutse safe da yamma. Fili ya kwashe da dariya. Daɗi ya kama ni, na zaro alƙalamina na bik daga aljihu na ɗaga sama kamar allura, na nufi damtsensa.

A nan ne ya cafki wuyan rigata ya jawo ni har kunnena ya taɓa bakinsa. Ya ce, "Likita, don girman Allah. Ta gaske ta."

Na dubi hannun. Yatsan tsakiya ya yi ja. Na ɗago kai sai na ga Goggo ta riga ta shigo filin, ta ture dutsen da ƙafa, ta cire takalminta ta buga sau biyu. Ta ɗago kunamar a kan tafin takalmin, baƙa, ƙatuwa, ta nuna wa jama'a. Kalangu ya tsaya. Ta juyo wajena ba tare da ko murmushi ba, ta ce, "Ga 'yar wasan, likita. Ita ma a yi mata tahi?"

Ban san yadda bik ɗin ya koma aljihu ba. Sai a lokacin aikina ya dawo mini. Na sa aka kawo ruwan sanyi, na wanke wurin, na ɗora shi a bayan moto, wato babur, muka nufi asibitin gari. Majon da ke aiki ranar, wato babban ma'aikacin jinya, abokin karatuna ne. Yana haɗa allurar kashe zafi yana tambayar me ya sa aka daɗe ba a kawo shi ba, ni kuma na shiga duban silin kamar ban taɓa ganin irinsa ba.

Sunan mutumin na gaskiya Isufu, manomi ne mai 'ya'ya, wasa sha'awa ce kawai. Na zauna da shi har zafin ya lafa, muka tabbatar dafin bai hau masa jiki ba. Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Ya ce ba komai, shi dai abin da ya ɗan sosa masa rai shi ne ya daɗe yana wasa, bai taɓa samun tafi irin na yau ba, kuma a ranar da bai yi wasan ba.

Da na koma gida na tarar da Goggo tana dakan kuɓewa. Na shirya wa faɗa. Amma ita sai ta ce waƙar matan nan ta yi mata daɗi, sannan ta tambaye ni ko a ƙarshe malalacin yana tuba, tunda ba a gama wasan ba. Na ce ban sani ba. Ina jin ranar ce ta fara jin wannan kalmar daga bakina.

Kafin hutuna ya ƙare labarin ya riga ni isa wurin aiki. Abokan aiki sun yi dariyarsu sun gaji, wannan da sauƙi. Wanda ya fi mini nauyi shi ne marasa lafiya. Har yau wani zai shigo ya zauna, kafin ya gaya mini inda ke masa ciwo sai ya ce, "Likita, na gaske na hwa."

Ban daina son teyatur ba, ina zuwa duk inda aka yi. Amma yanzu in na ga mutum ya riƙe hannu yana zufa, ko a dandali ne ko a gadon asibiti, sai na duba hannun tukuna kafin in faɗi ra'ayina.