Yadda Za Ka Zama Wakilin Siyasa Da Kaset Ɗaya

Kai da ka dawo Anacha bayan yaƙi, ka tarar arzikin mai ya saya wa kowa rediyo, ka rantse sai an ji sunanka a cikinta, matso kusa. Hanyar nan ba ta ƙarya. Ni na ɗora Kallamu a kanta, ɗan dako a Kasuwar Ose, kuma duk Arewa ta ji sunansa.

1. Rataya rikoda

Babba, wadda za ta karkatar maka da kafaɗa. Kallamu ya aro ta Na'Allah mai gyaran agogo, da kaset guda tal, ɓari ɗaya ma waƙoƙi ne da aka hana shi taɓawa. Wani gidan rediyo a Arewa ya ce ya aiko rahoton siyasa mai zafi. In ya yi armashi ya zama wakilinsu na kudu, in bai yi ba a sallame shi.

2. Canza baki

Daga yau ba ka cewa "an ce", sai "wata majiya mai tushe". Majiyar nan kuwa Zuliha mai tuwo ce, amma wa ya tambaye ka?

3. Nemo rigima

Siyasa ba rigima miya ce ba gishiri. Kallamu ya taki sa'a: Alhaji Dogara da Alhaji Indabawa na neman shugabancin 'yan albasa, ko ga maciji ba sa yi. Ya raɗa wa kowannensu cewa ɗayan ya ce yana tsoronsa. Nan take suka yarda su kara a gaban jama'a.

4. Danna maɓalli tun kafin su zauna

Kada kalma ɗaya ta tsere maka. Kallamu ya danna. Sai dai dattawa ne, kuma ba wanda zai yarda a ce shi ne marar tarbiyya.

"Alhaji, ina wuni?" in ji Dogara, fuska a murtuke.

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Yaya muka ji da ruwan nan?"

Daga ruwa suka koma kasuwa, daga kasuwa suka shiga ta'aziyya, wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, kowa ya ƙi a fi shi gaisuwa. Can Indabawa ya naɗe hannun riga, ya nuna Dogara da yatsa ya ce, "To yanzu, kai..." Ƙat! Kaset ya cika. Zagin da ya biyo baya, wallahi har yau ina takaicin yadda ya bi iska.

5. Aika abin da ka samu

Da babu gara ba daɗi. Kallamu ya damƙa wa direban motar Kano kaset, yana sharar gumi.

6. Saurari sunanka

Ran nan kasuwa ta yi cincirindo a kan rediyo. Mai gabatarwa ya ce, "Wakilinmu Kallamu ya aiko da albishir: manyan 'yan takarar Anacha sun yi sulhu." Aka saki gaisuwar kaf. Kallamu ya daka tsalle har hula ta faɗi, wani ɗan Ibo ya rungume shi yana cewa, "Oga radio, na you!" wato kai ne ogan rediyo.

Barka ta yi ta zuwa wa alhazan biyu daga Inugu da Fatakwal. Dattawan suka rasa bakin ƙaryata abin da surukansu suka ji a gida. Ɗaya ya zama shugaba, ɗaya mataimaki, suka ci tuwo kwano ɗaya suna harare-harare.

7. Riƙe aikinka

An ba Kallamu aikin, aka ce ya aiko rigima ta gaba. Ya zagaye kasuwar nan lungu-lungu. Duk masu faɗan da suka hango shi sai su saki wuyan juna, su ce, "Ga mai sulhu nan, a ji kunya mana!" Rahoto na biyu bai taɓa tafiya ba, gidan rediyo ya gaji ya naɗa wani. Yanzu Kallamu ba ya samun sukunin cin abinci, daga wannan gida sai wancan ana kiransa sasanta miji da mata.

A ƙarshe, ni dai suna na yi maka alkawari, ban yi maka alkawarin daɗewa ba. In ka bi matakan nan ka kashe siyasar garinku da hannunka, babu ruwana, ka nemi mai sulhu ya shiga tsakaninmu. Kallamu yana nan.