Rasuwar Faifan Malam, Mai Tsalle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda bai gama bushewa ba, matar malamin lissafi mai ritaya, wadda unguwa ta sani da Ungozoma, take sanar da 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai rasuwar faifan katakon nan da ake kira Mai Tsalle. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan cinyar mai shi, yana da shekara talatin da huɗu a duniya.

Marigayin ba ɗan kanti ba ne. Malam ne ya yanko shi daga murfin tsohon akwati, ya kafa shi a allo da ƙusa ɗaya a tsakiya, ya ɗaura masa roba biyu a gefe. Dalili kuwa, Ungozoma tana amarya ta tsinci wani ɗan littafi a teburinsa, wanda aka rubuta don waɗanda ba su iya lissafi ba, kan yadda abu ke tafiya a hankali sannan ya kife farat ɗaya. Ta kai shafi na tara ta rufe, ta ce kanta ya ɗau zafi. Washegari sai ga faifai.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri. Ka ja robarsa kaɗan, ya juya kaɗan. Ka ƙara, ya ƙara. Can sai ka gusa da yatsa abin da bai kai faɗin farce ba, ya yi tas! ya wuntsila ɗaya gefen. In ka mayar da yatsan inda yake ɗazu, ba ya dawowa, sai ka ja baya sosai. Da wannan kaɗai ya nuna wa direbobi abin da ke kifar da mota mai lodi, ya nuna wa magina yadda rufi ke burmawa. Bai taɓa raina wanda ya faɗi jarrabawa ba.

Babban aikinsa a shekara uku na ƙarshe ya yi shi, bayan mantuwa ta kama Malam. Sunayen 'ya'yansa sun tafi, hanyar banɗaki ta tafi, wata rana matarsa ma yakan gaishe ta kamar baƙuwa. Amma da zarar ta ɗora masa allon a cinya bayan karin kumallo, sai ya gyara zama, ya gyara tabarau.

"Matso nan, 'yar ajina," in ji shi, "yau sai kin gane."

Ta daɗe da ganewa, amma kullum takan yi kamar ba ta gane ba, don darasin ya yi tsawo. Minti ashirin, wani lokaci rabin awa, mijinta na da yakan dawo mata.

Ciwon ajali tsaga ce da ta faro daga ramin ƙusa. Kafinta ya sa gam har sau biyu. Muryar marigayin ta dushe, tas ɗin ya koma ƙwas. Ranar Talata ana tsakiyar darasi ya rabe gida biyu. Malam ya yi ta haɗa ɓarin biyu suna rabuwa, sannan ya ɗago ya dube ta.

Kafinta ya sassaƙo sabo, har ya fi kyau. Malam ya jujjuya shi, ya miƙo mata da ladabi. "Baiwar Allah, wannan ba nawa ba ne. A mayar wa mai shi."

Marigayin ya bar allo ɗaya, ƙusa mai tsatsa, roba biyu, da ɗan littafin nan mai cike da rubutun fensir. Ya kuma bar Malam, wanda ke lalubar cinyarsa kowace safiya.

Za a naɗe shi a tsohon ɗankwali, a kai shi makwancinsa a ƙasan akwatin Ungozoma ranar Asabar da ƙarfe biyu, lokacin da Malam yake barcin rana. Ana karɓar gaisuwa a kicin, ta ƙofar baya, da murya ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya leƙa falo gaida Malam, in ya tambayi faifansa, don Allah a ce masa ɗalibai ne suka ara, gobe za su kawo.