Mai Masaukin Sallau a Kumasi

Wani mutum ne a kasuwar goro ta Gusau, sunansa Sallau, ba a ambatar gari a gabansa ya ce bai taɓa zuwa ba. Ka ce Legas, ya ce can ya koyi iyo. Ka ce Agadas, ya ce raƙuman garin duk sun san muryarsa. Alhali iyakar tafiyar bawan Allahn nan Funtuwa, ita ma da amai ya je, da amai ya dawo.

Rannan 'yan goro suka shirya zuwa Kumasi karon farko, su ga tsohon birnin da kakanninsu suka yi fatauci. Mota ta cika, saura kujera ɗaya tak. Shugabansu, Alhaji Ɗanrani, ya ce ta wanda ya san gari ce, ya yi musu jagora.

Ran Sallau ya biya. Kumasi fa! Sai dai duk saninsa da ita, kalanda ce a shagon wani tela: hoton wata ƙatuwar ƙofa, an rubuta AKWAABA a sama, can ƙasa kuma MEDAASE. To, a ƙasar nan wa ke rubuta suna a ƙofa in ba mai gida ba? Na ƙasan kuwa, ya ce lalle uwargida ce.

Ya miƙe zumbur, ya gyara hula.

"Alhaji, ai magana ta ƙare. Shekara bakwai na yi a Kumasi!"

"Kai Sallau! A gidan wa?"

"Gidan Alhaji Akwaba mana. Attajirin da sunansa ke rubuce a ƙofar gari. Ba ya iya cin abinci sai ina kusa."

Majalisa ta ce, "Iye!"

Sallau ya ji daɗi, baki ya buɗe. "Matarsa kuwa, Hajiya Medase, ranar da zan taho kuka ta yi ta yi, shaɓe-shaɓe, har da birgima. Ku dai ku riƙe cikinku. Rago uku za a kayar mana."

Alhaji Ɗanrani har ya ɗauki biro zai sa sunansa, sai ga sallama. Hajiya Memuna ce, yayar matar Alhajin, haifaffiyar zangon Kumasi, wadda ta zo bikin suna tana neman motar komawa.

"Yawwa Hajiya, kin zo a daidai," in ji Alhaji. "Ga ɗan garinku. Gidan Alhaji Akwaba ya zauna."

"Alhaji wa?" in ji Hajiya.

"Akwaba. Mijin Hajiya Medase," in ji Alhaji.

Hajiya ta dubi Sallau sama da ƙasa. Ta toshe baki da mayafi. Ina! Dariya ta ƙwace mata, ƙyal-ƙyal-ƙyal, har sai da ta dafa buhun goro.

"Wayyo cikina! Alhaji, akwaba ai *sannu da zuwa* ke nan da yaren Asante. Medase kuma *na gode*."

Gumi ya karyo wa Sallau.

"Laƙabi ne," ya ce, murya can ƙasa. "Saboda son baƙi."

"Ita ma Hajiyar laƙabi ne?"

"Mace ce mai yawan godiya."

Nan fa majalisa ta tarwatse. Wani ya faɗo daga benci, tim! Wani goro ya sarƙe shi, ana bubbuga masa baya yana hawaye yana ci gaba da dariya.

Alhaji Ɗanrani ya share ido, ya rubuta sunan Hajiya Memuna a kujerar. Sannan ya juyo, fuska ba wasa.

"Kada ka damu, Sallau. In mun isa, za mu gaishe maka da Alhaji Sannu-da-zuwa. Ita kuma Hajiya Na-gode, za mu ce ta daina kuka, kana nan lafiya, ba ka wuce Funtuwa ba."